Masarautu 13 Sun Raba Ni Da Aminiyata, Umma Kuma Ta Ce Hatimi Nake Zanawa

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce mai shekara 23, na gama jami'a ina jiran bautar ƙasa. Shekara biyu ke nan ni da aminiyata, wadda muka taso tare tun Islamiyya, muna rubuta littafin almara na yaƙi. A kashi na ɗaya mun yi masarautu huɗu, ta ƙasa, ta ruwa, ta iska da ta wuta, kowace da baiwarta, kuma masu karatu sun karɓe shi hannu bibbiyu. Da muka shiga kashi na biyu sai ƙawata ta dinga ƙaro sababbi: haske, duhu, walƙiya, ƙanƙara, ƙarfe, itace, jini, ruhi da lokaci. Yanzu 13 ke nan, kuma so take kowace ta zama daidai da sauran. Labarin ya cakuɗe. A babi na 6 walƙiya ta ci ƙarfe da yaƙi, a babi na 14 kuma ƙarfe ya shanye walƙiya ba tare da wani dalili ba. Sai na ɗauki babi uku nata na sake rubutawa ban gaya mata ba. Da ta gani ta ce don na yi jami'a ita ba ta yi ba shi ya sa nake raina ta. Yau sati uku ba ta ɗaga wayata. Ana cikin haka Umma ta tsinci littafin da nake zana jadawalin masarautun, gida-gida da sunan wuta da iska a ciki. Ta ce hatimi ne, ta tsare ni da tambayar wane malami ya ba ni, kuma wa nake son mallakewa. Ta ƙwace littafin. Anti, yaya ake tsara irin waɗannan abubuwa su zauna daidai? Abin da muke yi ya taɓa addini? Kuma yaya zan dawo da ƙawata?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam 'yata. Ɗauki biro mu yi ɗan lissafi kafin mu taɓa maganar Umma ko ta ƙawarki. Masarautu huɗu in za su gwabza bibbiyu, karo shida kawai za ki riƙe a ka, wa ya fi wa kuma da me. Masarautu 13 kuwa karo 78 ne. Babu marubucin da zai riƙe hukunci 78 a ƙwaƙwalwa yana rubutun dare, saboda haka abin da ya faru tsakanin babi na 6 da na 14 ba sakacin ƙawarki ba ne, ko ke kaɗai kika rubuta littafin sai an sami irinsa. Idonki ya gano ciwon daidai. Maganin da kika ba shi ne ya tayar da wani ciwon, kuma za mu zo kansa.

Duk al'ummar da ta taɓa kasa halitta gida-gida, ba jero abubuwan da suka burge ta kawai ta yi ba. Tambaya ɗaya take yi, amsar tambayar ce ke haifar da adadin. Huɗun da kuka fara da su sun fito fili ne a Girka ta dā, a wajen Emfedokilis mutumin tsibirin Sisili, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sannan Aristotal, masanin falsafar Girka, ya zo ya ba su dalili. Ya ce abin da hannu ke ji a jikin kowane abu ɗabi'u huɗu ne: zafi, sanyi, danshi da bushewa. In an haɗa su bibbiyu za a sami haɗi shida, amma biyu ba sa yiwuwa, don abu ba ya zama mai zafi da sanyi a lokaci guda, haka ba ya zama ɗanye kuma busasshe. Saura huɗu. Wuta zafi da bushewa, iska zafi da danshi, ruwa sanyi da danshi, ƙasa sanyi da bushewa. Kin ga ke nan ba a kan son rai aka tsaya a huɗu ba, gurbin ne ya cika. Wannan tsarin ne likitocin Musulmi irin su Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, suka gina ɗibbu, wato ilimin likitanci, a kansa, kuma shi kike ji a bakin mai magani idan ya ce zuma mai zafi ce, abu kaza kuma mai sanyi ne.

To su kansu masu huɗun sun ga akwai abubuwan da suka rage a waje, kuma abin da suka yi da su shi ne darasinki. Emfedokilis ya ƙara abu biyu, Ƙauna da Gaba, ɗaya na haɗa huɗun ɗaya na raba su, amma bai jera su cikin huɗun ba, masu juya su ne. Aristotal ya ƙara na biyar, wanda masana falsafa na Larabci suka kira athir, ya ce da shi aka yi sammai da taurari. Bai ba shi zafi ko sanyi ba, bai ba shi kishiya ba, ya ce ba ya lalacewa kuma tafiyarsa kewaye ce, alhali huɗun ko dai su yi sama ko su yi ƙasa. Wato hawa ya ƙara a kan ginin, bai cusa ɗaki na biyar a tsakar gida ba.

Mutanen Indiya tambayarsu daban ce: da wace gaɓa ake riskar abu? Gaɓoɓin ji biyar ne, sai ginshiƙansu suka zama biyar. Ƙasa ta hanci ce, ruwa na harshe, wuta ta ido, iska ta fata, na biyar kuma da suke kira akasha, wato sarari, na kunne ne, don a cikinsa sauti ke tafiya. Wata makarantar falsafarsu mai suna Baisheshika ta kai lissafin tara da ta ƙara lokaci, jiha, rai da zuciya mai tunani. Har gardama suka yi a kan duhu. Wasu malaman makarantar Mimansa suka ce shi ne na goma, tunda ana ganinsa baƙi ƙirin kuma inuwa tana tafiya, 'yan Baisheshika suka ce rashin haske ne kawai. Don haka ƙawarki da ta ba duhu masarauta ba shirme ta yi ba, tana da magabata a wannan ra'ayi. Ko Labuwaziye na Faransa, uban kimiyyar sinadarai ta zamani, da ya jera sinadarai 33 a 1789, haske da zafi suna cikin jerin. Daga baya aka cire su, yau kuma jadawalin yana da 118 kuma babu ko ɗaya daga cikin huɗun Girka a ciki.

Na ƙasar Sin ya fi kowane amfani ga mai rubuta yaƙi, domin tambayarsu ita ce me ke haifar da me, me kuma ke danne me. Nasu biyar ne: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe, ruwa. Babu iska. Itace na ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta koma ƙasa, ƙasa ta haifi ƙarfe, ƙarfe ya tara ruwa, ruwa ya shayar da itace. Ta ɓangaren rinjaye kuma, saiwar itace na tsaga ƙasa, ƙasa na tare ruwa, ruwa na kashe wuta, wuta na narka ƙarfe, ƙarfe na sare itace. Abu biyar karo goma ke tsakaninsu, biyar na haihuwa biyar na rinjaye, babu wanda ya rage ba hukunci, kuma babu gwani na gwanaye. Kuskuren da marubuta ke yawan yi shi ne su ga ƙarfe da itace sun yi kyau, su tsinko su daga nan su zuba cikin huɗun Girka. Sai a sami shida, kowace tana da abokan karawa biyar, biyar kuwa ba ta rabuwa biyu daidai, dole wata ta fi wata yawan nasara. Duk zoben da ake son kowa ya ci kuma a ci shi daidai wa daida, sai adadinsa ya zama mara, kamar uku, biyar ko bakwai.

Masu ilimin kimiya na dā, wato masu neman sarrafa ƙarafa su koma zinariya, ma nasu ma'aunin daban: me ke faruwa da abu in ya shiga wuta? Rubuce-rubucen da ake jinginawa Jabir ibn Hayyan sun ce ƙarafa duka daga farar wuta da zaiba suke, bambancinsu a tsarki ne da gwargwado. Farasalsus, likitan Suwizalan da ya rasu a 1541, ya ƙara gishiri suka zama uku, yana misali da itacen da ke ci: abin da ya kama wuta farar wuta ne, hayaƙin da ya tashi zaiba, tokar da ta rage gishiri. Ba na jin za ku buƙaci wannan, sai dai in kuna da wani tsohon maƙeri a labarin da kuke son ba shi ilimin da ya sha bamban da na kowa.

Yanzu mu dawo kan 13 ɗinku. Ki yi wa kowane tambaya uku. Ana iya ɗibarsa ko a tare shi a wuri guda? In an ɗauke ɗaya daga cikin huɗun farko, zai ci gaba da wanzuwa? Akwai wurin da babu shi? Da kin yi haka za ki ga sun rabu da kansu. Walƙiya, ƙanƙara, itace da ƙarfe duk suna faɗuwa a tambaya ta biyu. Ɗauke ruwa, babu ƙanƙara babu itace. 'Ya'ya ne, ba iyaye ba. Haske da duhu ba a ɗibarsu a ƙwarya, yanayi ne da ke sauka a kan komai. Lokaci babu inda babu shi, mazubi ne da kowa ke ciki. Jini a ɗibbu ɗaya ne daga ruwayen jiki huɗu, mai zafi da danshi, abokin iska, don haka na jikin mutum ne ba na shimfiɗar duniya ba. Ruhi kuwa ba ya amsa ko ɗaya daga cikin ukun.

Ga tsarin da nake ganin ya fi dacewa da ku, tunda kashi na ɗaya ya riga ya fita da huɗu kuma ba za ku kori iska ba. Ba tsarin magabata ba ne, ƙirƙira ce da aka ɗora a kan ɗabi'un Aristotal, kuma almara ta halatta muku ita. Ki zana zobe, ki sa wuta, iska, ruwa, ƙasa a jere, kowace tana maƙwabtaka da wadda suka yi tarayya a ɗabi'a ɗaya. Tsakanin kowane maƙwabta biyu ki ajiye ɗa guda. Wuta da iska sun haɗu a zafi, ɗansu walƙiya. Iska da ruwa sun haɗu a danshi, 'yarsu ƙanƙara, irin wadda hadari ke zubowa. Ruwa da ƙasa, itace. Ƙasa da wuta, ƙarfe, kamar yadda ake fitar da shi daga tama. Masarautu takwas ke nan, huɗu daga ciki na ƙawarki ne, ba a zubar da ko ɗaya ba. Dokokin kuma uku sun isa. Maƙwabta suna iya cutar juna amma ba sa hallaka juna. Masu fuskantar juna a zoben, wuta da ruwa, iska da ƙasa, su ne masu gabar gado. Ɗa yana gadon ƙarfin iyayensa biyu da rauninsu biyu. Karo 28 ke tsakanin takwas, amma ba sai kin haddace su ba, daga dokokin nan kowane hukunci zai fito.

Gwada shi a kan rigimar da ta haɗa ku. Walƙiya da ƙarfe uba ɗaya suke, wuta. Abin da ya raba su uwa ce, iska da ƙasa, su kuwa kishiyoyi ne. Ke nan wanda fagen yaƙin ya fi kusa da uwarsa shi ke da nasara. A kan tsauni ko a fili fetal cikin damina, mayaƙin ƙarfe tsaye da sulke, walƙiya za ta gama da shi. In kuwa ya kafa mashinsa cikin ƙasa mai danshi ya ja da baya, ƙarfen zai janye walƙiyar ya miƙa wa ƙasa, kuma haka abin yake a zahiri, shi ne aikin sandar ƙarfen da ake kafawa a kan dogayen gine-gine. Babi na 6 daidai ne, babi na 14 ma daidai ne. Jimla biyu da ke nuna inda aka tsaya kawai suka rasa. Ki lura da wannan da kyau 'yata, babin da kika rushe gyaran layi biyu yake buƙata.

Haske da duhu ki ɗaga su hawa na biyu. Suhrawardi, masanin falsafar da aka kashe a Halab ta ƙasar Sham a 1191, bai ɗauki haske ɗan'uwan ruwa da ƙasa ba, ma'auni ya mai da shi, kowane abu matsayinsa gwargwadon haskensa. Ku ma kuna iya cewa kowace masarauta cikin takwas tana da fuskar rana da fuskar dare: wutar girki da wutar gobara, ruwan shuka da ambaliya. Nan take kun sami gidaje 16 ba ku ƙara doka ko ɗaya ba. In ƙawarki ta riga ta gina sarauniyar duhu da take ji da ita, ba sai an kashe ta ba. Ta zama shugabar wata ƙungiya da ke da mabiya a cikin kowace masarauta, wanda hakan ya fi sarautar yanki ɗaya ban tsoro. Irin wannan hawa biyu ba baƙo ba ne ko a wajen sufaye. A ɗariƙar Naƙshabandiyya, wadda ba ta yaɗu a nan ba kamar Ƙadiriyya da Tijjaniyya, mabiyan Shaihu Ahmad Sirhindi na Indiya suna lissafa laɗa'ifu, wato ɓoyayyun sassa, goma a tattare da mutum, biyar na duniyar umarni, biyar na duniyar halitta, kuma ƙasa, ruwa, iska da wuta suna cikin biyar na ƙasan ne tare da nafsu. Ba su cakuɗa hawa da hawa ba.

Jini ki mai da shi farashi da gado. Ta jini ake gadon baiwa, kuma duk wanda ya yi aiki da ita jikinsa ke biya, ya rame, ya yi haɓo, ya kwanta kwana uku. Baiwar da ba ta da farashi ita ke kashe labari. Lokaci kuwa shawarata kada ku damƙa shi a hannun kowa. Ta fuskar rubutu, wanda ke iya mai da jiya yau ya soke kowace mutuwa da kowace nadama a littafin, mai karatu zai daina jin tsoro. Ta fuskar tarbiyyar masu karatunku kuma, sun taso da hadisin da ya hana zagin zamani saboda Allah ne mai juya shi, zai yi musu nauyi su ga wani sarki yana juya dare da rana yadda ya ga dama. In ana son ɗanɗanonsa, a bar shi a mafarki, ko wani kogo da kwana ɗaya a cikinsa shekara ce a waje, wanda babu mai iko da shi. Ruhi ku bar shi gaba ɗaya. Aya ta 85 a Suratul Isra'i ta ce ruhi daga al'amarin Ubangiji yake kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Abin da kuke nema a wannan gurbin, wato ƙarfin zuciyar jarumi, kuna iya kiransa himma ko ƙarfin hali, labarin bai rasa komai ba.

Wani abu kuma da tsarin Girka ko na Sin ba zai faɗa muku ba, sai kunnen Bahaushe. Na tabbata tun a kashi na ɗaya kun gane ba a kiran mutanen masarautar iska da 'yan iska, na wuta kuma da 'yan wuta. To ƙanƙara ma tana da nata nauyin, don a camfinmu ita ce abin da ke cikin maye, da kun ce “masu ƙanƙara” can hankalin wasu zai tafi. 'Yan ruwa aljanu ne, iska kanta sunan mutanen ɓoye ce a bakin 'yan bori, masarautar jini kuwa ba abin da za ta tuno wa mutane sai matsafa. Ku raɗa wa masarautun suna daga wuri ko sana'a, irin su Kurmi, Maƙera, Guguwa, Garwashi, Raɓa.

Wannan ya kawo mu ga Umma. Kada ki ga kamar rashin wayewa ne ya sa ta firgita. Abin da ta gani ya yi kama da wani abu da yake akwai. Masu ilimin haruffa suna kasa baƙaƙen Larabci 28 gida huɗu, bakwai-bakwai, na wuta, na iska, na ruwa, na ƙasa. Masu bugun ƙasa siffofinsu 16 ne, kowace layi huɗu, kuma layukan sunayen huɗun nan suke ɗauka. Zanen gidaje mai lambobi ya daɗe a ƙasar nan, har wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna da rubutu a kansa. Uwa ta ɗaga katifar 'yarta budurwa ta ga murabba'i mai gidaje an rubuta wuta da iska a ciki, ga hadisin da ya ce wanda ya je wa boka ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana 40, me kike so ta zata? Tsoron lahirarki da sunanki ne ya yi magana da bakinta.

Kada ki nemi ta dawo miki da littafin, kada kuma ki yi mata dariya. Ki sami lokacin da hankalinta yake kwance, bayan isha'i misali, ki zo da kashi na ɗaya ki ce, “Umma, ki ba ni izini in karanta miki abin da nake rubutawa.” Ki zaɓi babin da ke da mutane da hira, ba na yaƙi ba. Sannan ki roƙe ta ta buɗe littafin da ta ƙwace, ki nuna mata sunan da ta ji a labarin ga shi a jadawalin. Ki ce ta kai shi wajen duk wanda ta yarda da iliminsa, malamarku ta Islamiyya ko kawunki, ya duba, kuma ke ce za ki fara faɗin haka kafin ita ta nema. In bayan nan ta ce zuciyarta ba ta kwanta da zanen ba, ki bar mata shi, abin da ke ciki yana kanki. Daga yau ki daina zana murabba'i mai gidaje. Ki yi taswirar ƙasashe da koguna, ko salsalar iyaye da 'ya'ya, da boko zalla, ba lamba ba baƙin Larabci.

Tambayarki ta addini ba ni da hurumin yanke miki fatawa, kuma malamai sun sha bamban a kan ƙagaggen labari, da yawa sun sauƙaƙa in kowa ya san ƙage ne kuma ba ya koyar da ɓarna. Amma iyakokin da ke a fili zan faɗa miki. Ambaton cewa an yi halitta daga abu kaza ba laifi ba ne, hadisin Nana A'isha a Sahihu Muslim ya ce an halicci mala'iku daga haske, aljanu daga harshen wuta, Adamu kuma daga abin da aka siffanta mana. Inda ake zamewa shi ne a ce waɗannan abubuwa ba su da farko, ko suna aiki da ikon kansu. Abubakar ar-Razi, babban likitan nan na ƙarni na 10, ya ce abubuwa biyar ne marasa farko, ya haɗa Mahalicci da rai, da asalin jiki, da wuri, da lokaci, kuma malamai sun yi masa raddi mai tsanani duk da girmansa a likitanci. Littattafan tauhidin da ake karantawa a zaurukanmu suna nanata cewa wuta ba ta ƙuna da ikon kanta, ga kuma wutar Annabi Ibrahim (AS) da aka ce ta zama sanyi da aminci. To a duniyar littafinku baiwa ta zama abin da aka ba mutum kuma ana iya karɓewa. Kada jarumin kirki ya roƙi wuta ko ya yi wa ruwa yanka. Kada ku sa aya, ko sunan Allah, ko na mala'ika, ko na iskokin bori a cikin kirarin sihiri, kuma kada ku rubuta surkulle dalla-dalla yadda wani yaro zai ce bari ya gwada.

Sai ƙawarki, kuma a nan ba zan ɓoye miki ba, ke ce da laifi. Littafin na ku biyu ne, kika shiga babinta ba sallama kika rushe kika sake gini. Maganar jami'a da ta yi ba yau ta fara ji a ranta ba, abin da kika yi ne ya tabbatar mata da abin da ta daɗe tana tsoro. Ki kuma ba ta haƙƙinta na marubuciya. Ita ce ta hango cewa kashi na biyu ba zai rayu da masarautu huɗun jiya ba, mai karatu sabon wuri yake so a kai shi. Ke kina da idon tsari, ita tana da yalwar tunani, kuma mai tsari in ba a kawo masa kaya ba, ba shi da abin jerawa. Nata kuskuren, na ƙin yarda a bambanta manya da ƙanana, ƙarami ne a kan naki.

Ki daina kiran waya, ki taka ki je gidansu. Ki gaida mahaifiyarta yadda kika saba, ki ba ƙawarki haƙuri a kan abu ɗaya tak, taɓa rubutunta ba da saninta ba, kuma kada kalmar “amma” ta biyo baya. A wannan zuwan kada ki ambaci Aristotal ko mutanen Sin, in kika yi haka kin tabbatar da zarginta da bakinki. In ta huce, ko bayan sati ne, sai ku sa ranar zama. Ku yanka takarda 13, kowace da suna ɗaya, ku baza a tabarma. Ki faɗi tambayoyi ukun nan, ki bar ta ita ta jera da hannunta. Mai yiwuwa ta sa ƙanƙara tsakanin ruwa da ƙasa saboda taurinta, ta kai itace wani wuri. In tsarinta yana da dalilin da zai riƙe har ƙarshen littafi, ki karɓa ko da ba shi kika zo da shi ba. Abin da kuka tsayar ku rubuta a shafi ɗaya, kowa ta riƙe kwafi, ku ƙara da sharuɗɗa: ba mai taɓa babin 'yar'uwarta sai dai ta rubuta shawara a gefe, ba a ƙara sabuwar masarauta sai da yardar ku biyu, kuma rabon kuɗi da jerin suna a bango a rubuce suke.

In ta tsaya kai da fata a kan cewa ƙarfe da itace ba 'ya'yan kowa ba ne, akwai mafita mai daɗi. Ku ba ta nahiya guda a hayin teku, inda mutanenta ke bin zoben biyar irin na Sin, ba su ma san iska a matsayin masarauta ba. Ke ki riƙe tsohuwar nahiya mai huɗu. Ranar da jiragen ruwansu suka haɗu, kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai fahimci duniya ba, kun sami kashi na uku a kyauta. In kuma duk wannan bai yiwu ba, ku sami mai karatu ɗaya da ku biyun kuka yarda da ita ta karanta tsari biyun ba tare da ta san na wace ce ba, ku amince tun farko cewa zaɓinta ya zauna. In har ta kai ga rabuwa a rubutu, kashi na ɗaya ya ci gaba da zama na ku biyu da sunanku da ribarsa, masarautun da ta ƙirƙiro kuma ta tafi da abinta, kada ki yi amfani da ko ɗaya.

Ranar da za ki je, ki buga babi ukun nan nata a takarda yadda ta rubuta su tun asali, ba gyaran ko wasali ɗaya, ki miƙa mata a hannu. Naki da kika sake rubutawa ki bar su a gida, kada ki ambace su sai in ita ta tambaya. Allah ya daidaita tsakaninku, ya kuma sanyaya zuciyar Umma.